Dalar azurfa, anini ko tamma: wanne ya kamata sabon mai tara tsofaffin kuɗi ya fara saye?

A duk lokacin da masu tara tsofaffin sulalla suka haɗu a Maraɗi, kowa ya zazzage abin da ya samo a kan tabarma, dalar azurfa ce take fara ɗauke ido, kuma a kanta sabon shiga yake ƙwallafa rai. Shawarata ita ce ya jinkirta sayenta har sai idonsa ya buɗe.

Dalar da nake nufi ita ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka daɗe suna ciniki da ita a ƙasar Hausa. Dillali zai nuna maka 1780 a jikinta ya ce ta haura shekara ɗari biyu, alhali wannan ita ce shekarar rasuwar sarauniyar, kuma an ci gaba da buga dalar da wannan lamba ba tare da an sauya ta ba, har a zamaninmu. Saboda haka darajar mafi yawansu tana ga azurfar da ke jikinsu. Ta gaske tana da nauyin giram 28, maganaɗisu ba ya kama ta, kuma akwai rubutu a kewayen bakinta, wanda a jabu yakan fito a dagule. Maganaɗisu kaɗai bai isa shaida ba, domin tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa ma ba ta kamuwa. Dole sai an ɗora ta a sikeli, ko a kai wa maƙerin fari da aka yarda da shi. Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne domin sarƙar wuya kuwa, farashinta ya faɗi, ko da tana da kyan gani.

Anini da kwabo masu huji na mulkin Ingila su ne na fi so ga mai farawa. Kusancinmu da Jibiya da Katsina ya sa ba su da wuyar samu, kuɗinsu kaɗan ne, kuma ba kasafai ake wahalar yin jabunsu ba. An fara buga su a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, kuma suna ɗauke da sunan sarkin Ingila na lokacin, wanda hakan yake ba mutum damar jera su sarki bayan sarki. Na 1936 masu sunan Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta a cikin wannan shekara, suna da daɗin labari, amma an buga su da yawa, don haka kada a tsawwala maka. Sule da fataka (wato sule biyu) na shekarun farko, daga 1913, azurfa ne, daga baya aka koma buga su da jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa, kuma tazarar farashinsu babba ce.

Sai namu na gida, wato tamma ɗaya da tamma biyu na 1948 masu kan barewa, waɗanda Faransa ta buga wa yankunanta na Afirka ta Yamma bayan ƙirƙiro sefa a 1945. Na alminiyam ne, suna saurin karcewa, shi ya sa mai tsabta guda ɗaya ya fi goma da suka siɗe. Abin yana ba ni takaici idan na ga ana raina su, alhali da su iyayenmu suka yi cinikin gyaɗa.

Kowanne ka saya, kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, domin masu saye sun fi son sulalla da dattin shekarunsu, kuma ka ajiye kowane ɗaya a takardarsa, nesa da danshin damina.