Amazon ko Kwango: da wanne zan fara wa ɗalibaina a Damagaram?

Yaran ajinmu korama da tabki suka sani, ruwan da rani ke shanyewa. Yanzu ga darasin kogunan kurmi, lokaci kuma na guda ɗaya ne.

Amazon ya fi kowane kogi a duniya yawan ruwa. Daga duwatsun Andes na Peru yake tasowa, ya ratsa Brazil ya faɗa tekun Atlantika bayan wajen kilomita 6,400. Girmansa kaɗai kan sa aji ya yi tsit.

Amma zuciyata tana ga Kwango. Tsawonsa wajen kilomita 4,700, a wasu wurare zurfinsa ya haura mita 200. Abin da ya fi burge ni, sau biyu yake tsallaka layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. In damina ta ɗauke a arewacin layin, sai ta sauka a kudu, shi ya sa ruwansa ba ya ja baya sosai. Yaron da ya san daminar wata uku zai gane wannan nan take. Ga Kinshasa da Brazzaville suna kallon juna a gaɓarsa, sunayen da yaranmu ke ji kullum a rediyo.

Ranar Litinin taswirar Kwango zan rataya a allo.