Koyon tallar intanet a wani ofis na Yantala

Masu tambayata game da wajen da nake sitaj na tallar intanet nan Yamai, gaskiya na yaba. Ƙaramin ofis ne a Yantala, babu wani dogon karatu, ranar farko maigida ya damƙa mini shafin Facebook na wata hajiya mai saida atamfa da shadda a Babbar Kasuwa, ya ce je ki ɗauko hotuna da portabul ɗinki. Nan na koyi haɗa hoto a manhajar Canva, jera kaya cikin katalog na WhatsApp Business, da yadda ake biyan talla da katin Visa a zaɓi Yamai kaɗai don kar kuɗin hajiya su tafi banza, sannan mu duba mutum nawa suka danna, nawa suka turo saƙo da gaske.

Abin da ya fi burge ni, sun nace a yi bidiyo da Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kawai ba, kuma wallahi saƙon murya ya fi rubutu kawo ciniki.

Matsalar dai babu albashi, kuɗin taksi da kuredi daga aljihunka, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya. Ka tambayi zancen takardar shaida tun kafin ka shiga.