Hattara da mai tallar "birkin tsere" na tsofaffin motoci

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon tsofaffin motoci. Mako uku ke nan ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don ba wanda yake son ya fito fili ya ce an yi masa wayo, balle irina da nake ganin na san ƙarfe. To amma shekaranjiya na sake cin karo da tallar mutumin nan da ya sayar mini da kayan birki na bogi a Facebook. Ya sauya suna, hotunan kuwa su ne dai waɗanda ya kama ni da su, ga mutane a ƙasa suna ta tambayar farashi. Shi ya sa na ajiye kunya gefe.

Motata Datsun 240Z ce ƙirar 1972. Wanda bai san ta ba, ita ce 'yar ƙaramar motar Japan mai dogon hanci da kujera biyu, wadda ta fito a ƙarshen 1969, a can gida suna ce mata Fairlady Z. Injinta silinda shida ne a jere, lita 2.4, kuma irinta ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Gudu kam akwai shi. Birkin ne na zamaninsa: a gaba faifai ne dunƙulalle marar hanyar iska, da kalifa (abin da ke matse faifan) mai fistin biyu, a baya kuma ganga ce ta alminiyam. A cikin gari ba ta taɓa ba ni kunya ba. A gangaren Hawan Kibo ta tsorata ni bara, ina saukowa daga Jos. Na yi ta taka birki a kwanoni maimakon in bar giya ta riƙe motar, laifina ne wannan, kafin in kai ƙasa ƙafata ta fara nutsewa kamar na taka soso, ga ƙaurin fad, wato abin da ke gogar faifan birki, ya cika motar. Da na samu wuri na tsaya, na fi minti ashirin zaune a bakin hanya ina salati.

Tun daga ranar na ƙudurta sai na ƙara mata birki, kuma a wannan hali mutumin ya same ni. Ɗan damfara ba ya neman wawa, mai buƙata yake nema.

Tallarsa tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Jajayen kalifa masu fistin huɗu da sunan kamfanin birki na Brembo a jiki, faifai masu huji-huji, tiyo mai saƙar ƙarfe, an jera su a kan farin ƙyalle. Ya rubuta cewa cikakken saiti ne, gaba da baya, kuma "yana shiga kowace tsohuwar mota", ya lissafo Datsun da Marsandi da BMW da Fijo 504. Na tura masa saƙo, cikin minti biyu ya kira ni a WhatsApp. Baki gare shi kamar zuma.

"Alhaji, ai kai ka san mota. Wannan kaya ba na kowa ba ne. Saiti biyu suka rage a sito, wani babban mutum ya sa a ajiye masa ɗaya."

Na ce masa ya nuna mini kayan a bidiyo kai tsaye. Ya ce yana kan hanya, siton kuma yana Legas, amma yaronsa zai turo. Yaron ya turo wani ɗan bidiyo na daƙiƙa goma, ba fuska ba murya. Sai ya jefa ni wani zauren WhatsApp da ake ta yi masa godiya, wannan ya ce kaya sun iso, wancan ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Daga baya na lura masu gudanarwa kaɗai ke iya rubutu a zauren, kuma duk masu godiyar kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne.

Farashin bai kai rabin abin da na gani a shafukan dillalan Amurka ba, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan. Da na yi maganar sai ya ce ragowar kayan wani kamfani ne da ya rufe. Na tura rabin kuɗin kafin alƙalami, zuwa asusun da sunan da ke kansa ba nasa ba ne, wai na ƙanwarsa ne don nasa ya cika. Bayan kwana huɗu ya kira hankali a tashe, wai an tare motar kayan a hanya, sai an ba da na goro. Na tura. Aka kwana biyu ya ce direba ba zai saki kwali ba sai an cika kuɗi. Na cika.

Abin da ya sa nake ganin wannan mutum ya fi sauran 'yan damfara haɗari shi ne, kwalin ya iso. Wanda ya karɓi kuɗinka ya kashe waya, aljihunka kawai ya taɓa. Wannan kuwa yana aiko maka da abin da za ka ɗaura a ƙafar motarka, ka ɗauki ɗanka a gefe, ka hau titi.

Na ɗauko kwalin daga tasha na wuce gareji kai tsaye ina fara'a. Makanikena dattijo ne, tun zamanin da ake haɗa Fijo a Kaduna yake wannan sana'a, Baba nake ce masa. Ya ɗaga kalifa ɗaya, ya juya ta, ya kankare bayanta da farce, bai ce komai ba. Ya ɗauko faifan ya kara a kan hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya. Bai shiga ba. Ramukan noti na 240Z guda huɗu ne a kan faɗin milimita 114.3, wanda aka aiko mini kuwa na milimita 100 ne, irin na ƙananan motoci. Nan take na kira mutumin na sa shi a sifika.

"Ƙaramin abu ne wannan, Alhaji. A kai wa mai injin huda ƙarfe ya ɗan buɗa ramukan. Haka kowa yake yi."

Baba ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, in ka buɗa ramin faifan birki, to ka sa a buɗa maka wani ramin a maƙabarta." Mutumin ya kashe waya.

Muka bi sauran kayan ɗaya bayan ɗaya. Sunan kamfanin da ke jikin kalifa sitika ce aka shafe da fenti, ba lambar kaya, ba wata shaida. Ƙarfen da zai riƙe kalifa a jikin ƙafar mota wani siririn alminiyam ne da aka yanka da hannu, har sawun zarto yana nan, kuma duk ƙarfin tsayar da motar a kansa zai sauka. Fad ɗin ba rubutun komai a bayansu, alhali na kirki da ake sayarwa a Turai suna ɗauke da alamar R90. Da Baba ya haɗa kalifa ɗaya da wata tsohuwar masta (famfon da ke tura man birki) a kan benci ya matsa, fistin biyu suka fito, ɗaya ya maƙale, na huɗun kuma mai ya fara tsatsafowa ta gefensa.

Tiyon ya fi ba ni tsoro, don da ni kaɗai ne da ban gane ba. Bututun birkin Datsun zarensa na milimita ne, M10 mai tazarar milimita 1. Kan tiyon da aka aiko zaren inci ne na Amurka, 3/8 mai zare 24. Su biyun sun yi kusa ƙwarai, har na incin yana ɗauruwa a cikin na milimita, ka ji kamar ya kama. Ya ɗan fi siranta ne kawai. Zai iya riƙewa a cikin gareji da zagayen unguwa, sai ranar da akuya ta faɗo maka titi ka danna birki da dukkan ƙarfinka, ranar zai saki.

Har da kyautar man birki kwalba biyu, an rubuta DOT 4, wato ajin man. Baba ya sa yaro ya kawo ruwa a kofin gilashi, ya ɗiga man a ciki. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana gaurayuwa da ruwa. Wannan sai ya taso sama ya kwanta kamar man gyaɗa a kan miya. Mai ne irin na inji ko na sitiyari, wanda in ya shiga layin birki yake kumbura duk robobin da ke ciki, daga masta har kalifa. Ku riƙe wannan gwaji, ba ya cin ko kwabo. DOT 5 ne kaɗai a cikinsu ba ya haɗuwa da ruwa don na silikon ne, shi kuma ba a gauraya shi da sauran.

Da na koma gida na sake karanta hirarmu daga farko, sai na ga abin da ya kamata ya farkar da ni tun ranar farko, kuma ba arhar ba ce. Mutumin bai yi mini tambaya ko ɗaya a kan motar ba. Mai sayar da birki na gaskiya sai ya gajiyar da kai da tambaya. Zai ce ƙirar wace shekara ce, don ko a cikin 240Z mastar ƙirar farko da ta ƙirar da ta biyo baya ba wuri ɗaya bututun gaba da na baya suke shiga ba. Zai tambayi girman wili, don nata na asali inci 14 ne, manyan kalifa da yawa kuma ba sa shiga sai a inci 15 ko fiye. Zai tambayi wace masta ke kai, don in fistin kalifa suka ƙaru, man da suke sha ya ƙaru, mastar asali mai faɗin 7/8 na inci sai ta bar ƙafarka tana tafiya nesa kafin birki ya kama, shi ya sa masu wannan gyara suke komawa ta Datsun 280ZX mai 15/16. In kuma za ka cire gangar baya ka sa faifai, zai yi maka maganar birkin hannu da bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, domin in ƙafar baya ta riga ta gaba kullewa, motar juyawa za ta yi ta dubi inda ta fito. Duk wanda ya ce maka saiti ɗaya yana shiga Datsun da Marsandi da Fijo, ko bai san birki ba, ko ya san abin da yake yi maka.

Wani abin haushin kuma, ban ma buƙaci kayan ba. Da Baba ya zuƙo man da ke motata, baƙi ne kamar shayin da ya kwana, ni kaina na manta yaushe aka sauya shi. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa wajen 155. In ya tafasa sai tururi ya shiga layi, tururi kuwa matsuwa yake yi, shi ne soson da na taka a Hawan Kibo. Babban birki amfaninsa jure zafi. Tsayawa ta gaggawa sau ɗaya kuwa, taya ce ke yanke hukunci, kuma nawa tayoyin sun haura shekara takwas da ƙerawa, da muka duba lambobi huɗun nan na mako da shekara da ke gefensu.

Game da kuɗin, na je banki washegari na rubuta ƙorafi da shaidar turawa uku. Na kuma kai takarda ofishin EFCC da hotunan hirarmu da lambobin asusun. Har yau ban ga ko sisi ba, kuma ban sa rai sosai ba, don kwana goma sha ɗaya ne tsakanin turawar farko da ranar da na farga. Wanda abin ya same shi, ya garzaya banki a ranar, kada ya tsaya rarrashin ɓarawo a waya kamar yadda na ɓata yini guda ina yi. Ya ɗauki hoton komai kafin a goge, don shafin da na yi ciniki da shi ya ɓace a daren da Baba ya yi masa maganar maƙabarta. Masu sayo kaya daga waje ta PayPal kuma, in mai kaya ya ce ku tura ta hanyar 'yan uwa da abokai don a kauce wa caji, ku sani wannan hanya ba ta da kariyar mai saye.

Ban sa sunansa a nan ba, don sunaye uku na gani zuwa yanzu kuma ba na jin akwai na gaskiya a ciki, asusun ma wataƙila na wata baiwar Allah ce da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ku gane shi da aikinsa: jajayen kalifa a kan farin ƙyalle, saiti biyu da suka rage, siton da ba a shiga, asusun ƙanwa, da motar kaya da ake tarewa a hanya. Wani bawan Allah da na gani yana tambaya a ƙarƙashin tallar, na bi shi ta akwatin saƙo, ashe shi har ya ɗaura na gaba a tasa motar. Ya ce birkin yana ɗan jan hagu amma an ce masa zai zauna. Na roƙe shi don Allah ya ajiye motar, ya sa a jawo ta zuwa gareji, kada ya tuƙa. In akwai wani a cikinku da ya ɗaura, shi ma roƙon da nake yi masa ke nan.

Ita kuwa Datsun, mun sauya mata robobin masta, da tiyo huɗu masu zaren da ya dace, da fad na kirki, aka wanke layin aka zuba sabon DOT 4 daga kwalbar da aka buɗe a gabana, aka sa tayoyi sababbi. Baba yana cigiyar kalifar tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu ta farkon shekarun 1980 a kasuwannin Panteka da Ƙofar Ruwa, don ita ce masu 240Z suka daɗe suna ɗaurawa: fistin huɗu gare ta, kuma ramukan notinta sun yi daidai da ƙafar motar, sai ɗan rage farantin da ke kare ƙura. In an samu, sai ya warware ta ya ga cikinta da idonsa kafin in biya. Jajayen kuma suna nan a kwalinsu a ƙarƙashin bencinsa, ya hana yara su kai wa 'yan gwangwan don kada su sake komawa kasuwa.