Tukunyar Ƙasa, Roba Ko Baƙar Leda: Wanne Ya Dace Da Fure A Zafin Gombe?

Duk mai rainon furanni cikin rumfar leda a Gombe ya san halin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, amma ba kowa ke lura cewa saiwa ta fi ganye jin jiki ba. Yawancin furannin ado saiwarsu kan rage girma idan ƙasar mazubi ta haura digiri 30, gefen baƙin mazubin da rana ke duka kuwa yakan wuce 45, inda siraran saiwoyi masu shan ruwa suke mutuwa. Sai ka ga wardi ya yi yaushi da azahar alhali ƙasarsa jiƙe take, ka ƙara masa ruwa, ɗumi da laima su haɗu su jawo ruɓar saiwa.

Ni dai tukunyar ƙasa nake saye, domin aikinta irin na randa ne: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, cikinta na yin sanyi, musamman da rani da iskarmu take a bushe. Gaskiya tana da nauyi, tana son ban-ruwa akai-akai, kuma ruwan burtsatse kan bar mata farin gishiri a baki, amma shi gishirin kankarewa ce kawai.

Baƙar leda ta yi wa dashen mako biyu a inuwa, ba ta wuce nan ba. Farar roba dama-dama ce idan mai kauri ce. Tukunyar siminti kuwa tana riƙe zafi har bayan magariba.

Inda na fi so mai saye ya buɗe ido shi ne wajen algus. Bara wani mai sayarwa ya haɗa ni da tukwanen da ba su gasu ba, ya shafe su da jar ƙasa suka yi kyau; kafin wata guda gindinsu ya narke, wardina ya zube a ƙasa. Ka ƙwanƙwasa kowace tukunya da yatsa: gasasshiya tana amo, ɗanya kuwa muryarta a dushe take. Ka guji wadda aka yi wa fentin mai, domin fenti yana toshe ƙofofin da take zufa ta cikinsu, ta zama roba mai nauyi kawai. Akwai ma masu rina ta siminti ja su ce ta ƙasa ce. Ka watsa mata ruwa a gaban mai ita, ka ga ko ta tsotse shi nan take, sannan ka juya gindinta ka duba hudar fitar ruwa kafin ka ciro kuɗinka.