Gargaɗi: an cuce ni naira miliyan 2 da dubu 850 da awon inji na ƙarya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wannan raina a ɓace, domin wani dillalin motoci a nan Kano ya haɗa baki da wani makanike sun karɓi naira miliyan 2 da dubu 850 a hannuna, sun ba ni Golf 3 wadda injinta ya riga ya gama yawo, kuma abin da suka yaudare ni da shi shi ne awon matsin silinda (auna ƙarfin da kowace silindar inji take matse iska da shi), wato gwajin da duk mai hankali yake dogara da shi kafin ya sayi tsohuwar mota.

Masu cewa na yi gaggawa su saurara. Na san Golf 3 ƙira ce da kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa tun 1991, na san ba sabuwa nake saye ba, shi ya sa na ce ba zan biya ko sisi ba sai an auna injin. Dillalin bai ko yi gardama ba, shi ne ma ya riga ni faɗa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, kada ka yarda da maganata, bari a auna a gabanka, tsakani da Allah." Wannan magana ita ce take hana ni barci. Mutumin da zai cuce ka, shi ne kuma yake roƙonka a auna? Wa zai yi masa mummunan zato? Ya kira wani makanike daga garejin da ke gefe, ya nuna kamar ko sunansa bai sani ba, aka ɗaura ma'auni a ramin filogi ɗaya bayan ɗaya, aka yi ta murza makulli, ni kuma ina tsaye ina kallon allurar da idona: 165, 160, 165, 160. Ƙa'idar da na sani ita ce injin fetur mai lafiya yakan wuce psi 120 (psi shi ne mizanin da ake auna ƙarfin matsi da shi), kuma bambancin da ke tsakanin silindoji bai kamata ya zarce kashi 10 cikin 100 ba. Lissafi ya yi daidai, na tura naira miliyan 2 da dubu 850 nan take.

Kafin nan ma, tun a WhatsApp dillalin ya turo mini bidiyon injin yana aiki sumul ba hayaƙi, kuma da na isa wurin na tarar da injin da zafinsa, ya ce yanzu aka dawo daga wanki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da za a kwance filogogi, sai ya ja ni cikin rumfa wai in duba takardun kwastan. Da muka fito, an riga an cire filogogin huɗu an jera su a kan tsumma, ga wani ɗan gwangwanin mai mai dogon baki a ajiye kusa da batir. Na gan shi, wallahi na gan shi, amma a wane gareji ne ba a ganin gwangwanin mai? Bayan an mayar da filogogin aka tayar da mota, ta yi shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci, makaniken ya ce man da ya goge filogi da shi ne yake ƙonewa.

Ba a jima ba motar ta fara shan baƙin mai kamar rijiya, da safe ba ta tashi sai an tura, a kan hanyar Zariya kuma ko ƙaramar gada ta hau sai ta rasa ƙarfi. Makanikena na tun da daɗewa, wanda ya yi tafiya a ranar cinikin, ya juye man ya ce wannan mai kauri ne irin na giyar mota, an zuba shi ne don ya ɓoye hayaƙi da ƙara. Ya sa man da ya dace, ya ɗumama injin, ya cire filogogi duka, ya taka totur har ƙasa, ya auna da nasa ma'aunin: 145, 90, 70, 140. Sai ya ɗiga ɗan mai cikin silindojin biyu masu rauni ya sake aunawa, allura ta tashi sama a gabana. Ya ce ai man yana toshe gibin da ke tsakanin ringin fistan da bangon silinda na ɗan lokaci, shi ya sa makanikai na gaskiya suke yin haka bayan awon farko, don su gane ko ringi ne ya cinye, domin da bawul ne ko gasket ɗin kan inji, lambar ba za ta motsa sosai ba. Su kuwa sun ɗiga man tun farko a bayan idona, suka nuna mini sakamakon a matsayin lafiyar inji. Wannan ba kuskure ba ne, sana'a ce suka iya.

Yanzu ana neman naira dubu 640 kafin a buɗe injin a gyara, bayan naira miliyan 2 da dubu 850 da na riga na bayar, wanda a ciki akwai kuɗin adashin maiɗakina da rancen da yayana ya ba ni don in fara jigilar fasinja. Har yau ban iya haɗa ido da shi ba. Na koma wurin dillalin, ya ce mota ta bar hannunsa lafiya, ai a gabana aka auna. A gabana aka auna! Daga baya ya toshe lambata, makaniken kuma aka ce ba a nan yake aiki ba, zuwa yake yi idan an kira shi. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma ina da hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗin daga banki, da bidiyon awo na biyu. Zan saka su duka da zarar an ba ni izini.

Idan za ku sayi tsohuwar mota, ku je da makanikenku da ma'auninsa, ku nemi a fara tayar da ita a sanyaye, ku zaro sandar awon mai ku murza shi a yatsa, kuma kada ku matsa ko taku ɗaya daga lokacin da aka taɓa filogin farko har a gama.