Wace bishiya ta dace da gonarka? Duba kafin ka sayi dashe

Da damina ta matso, masu dashe kan jera ledojinsu a bakin titi, kowa na yabon nasa. Kafin ka zaro kuɗi, leƙa gonarka tukuna.

Mafi arha shi ne sassaben zamani, wanda manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980, don ba ka sayen komai. Kututturen kalgo, sabara ko gawo da ke tohowa duk shekara, kada ka sare shi ƙurmus lokacin sharar gona. Ka bar rassa kaɗan masu ƙarfi, ka datse sauran. Saiwarsa ta riga ta nutse, farin da zai ƙone sabon dashe ba ya yi masa komai. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ribar tana zuwa a itacen girki, abincin dabbobi, da geron da iska ba ta binne shi da rairayi ba.

A cikin gona kuwa, gawo ne gaba. Da damina yake kakkaɓe ganye, shuka ta sha rana, ganyen ya zama taki. Da rani 'ya'yansa na shiga kasuwa a buhu, masu kiwo na saye. Sai dai yana da nawa wajen girma, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba.

Mai neman kuɗi kusa ya sayi zogale, cikin 'yan watanni za a fara tsinkar ganye. Amma in babu rijiya da shinge, awakin maƙwabta ka shuka wa.

Mangwaro mai aure kan yi 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4. Wurinsa lambu ko fadama, saboda inuwarsa na danne hatsi. Dakwara ta fi jure ƙasa mai rairayi irin ta Yobe da Jigawa, amma sai ta kai shekara 4 ko 5 ake tsaga ta don ƙaro, kuma ka tabbatar akwai mai saye a kusa. Darbejiya a bar ta a kan iyaka ta tare iska. Itacen turare kam, ni ban ba da shawarar sa shi kusa da gero ba, shan ruwansa ya yi yawa.

Wajen saye, ɗaga ledar ka duba: in saiwa ta nannaɗe ko ta huda ƙasa, bar shi. A mangwaro nemi tabon auren a gindi. Dasawa kuma sai ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli.