Tsohon keken tsere: kayansa na asali ko na zamani?

Ana yawan wannan tambayar a Kano. Barinsa da kayansa ya fi araha: sarƙa, wayar birki da taya kawai za a sabunta, kuma giyarsa tana jure ƙurar hunturu.

Na zamani ya fi kama birki da sauƙin canza giya, amma da aiki. Faɗin bayan tsohon firam, wato inda ƙafar baya take shiga a jikin keken, milimita 120 ne ko 126, sabuwar ƙafa kuwa 130 take so, don haka sai an buɗa shi. Firam na ƙarfe yana buɗuwa a hankali, na alminiyam tsagewa yake, kada a gwada. Komawa 700C, wato girman ƙafar zamani, daga tsohuwar ƙafa mai inci 27 sai robar birki ta sauko milimita 4.

Mai zirga-zirgar cikin gari, na asali ya ishe shi. Mai zuwa Wudil ya dawo, na zamani ya fi masa.